Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Sharhi Kan Tsofaffin Hotunan Ƙasar Binuwai

Duk wanda yake cikin zaurukan WhatsApp na unguwar nan, ko yake leƙa Facebook, ya san su. Hotuna ne baƙi da fari, wasu har sun yi ja-ja don tsufa. Ga kogi shimfiɗe ba iyaka, ga dutse tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, ga daji ya tafi har inda ido ya gaza. A ƙasa akan rubuta sunan gari da shekara, wani lokaci daidai, wani lokaci kuwa wanda ya turo ne ya ƙaga abinsa. Sai ka ga ana ta cewa "Allah sarki, jiya ba yau ba."

Da a nan aka tsaya da ba a yi wannan rubutu ba. Matsalar ita ce hotunan sun fara shiga gardamar ƙasa. Wani ya ɗora hoto ya ce, "Ka gani, da can nan duk daji ne, ba kowa, mu muka raya shi." Wani daga can ɓangaren ya ɗora irinsa ya ce, "To nuna mini Bahaushe a cikin hoton nan." Kowa ya kafa hujja da abu guda, kuma ba wanda ya tambayi waye ya ɗauki hoton, a ina ya tsaya, wa ya aiko shi. A jihar da aka sha zubar da jini kan gona da makiyaya, daga Wukari zuwa Mambila, wannan ba tambayar 'yan boko kaɗai ba ce.

Inda hotunan suka fito

Tsofaffin hotunan shimfiɗar ƙasa na wannan yanki, galibinsu daga littattafan matafiya da rahotannin masu awon iyaka suka fito. Ɗaya daga cikin sanannun shi ne littafin Boyd Alexander mai suna From the Niger to the Nile, wanda ya fito a 1907. Ayarinsa ya taso daga Ingila a 1904 da jiragen ruwa biyu na ƙarfe da ake harhaɗawa, suka hau Binuwai suka yada zango a Ibi. Daga Ibi ne ƙanensa Claud Alexander da safiyo P. A. Talbot suka ja awo zuwa arewa, ta Wase da Bauchi har Barno. Claud bai koma gida ba, a Maifoni ya rasu kafin shekarar ta ƙare.

Sai kuma kwamitocin iyaka na Ingila da Jamus. Na farko ya yi aiki daga Yola zuwa Tafkin Chadi a 1903 zuwa 1904. Na biyu, wanda Manjo Whitlock ya jagoranta a ɓangaren Ingila, ya auna daga Yola zuwa Kogin Kuros tsakanin 1907 da 1909. Na uku, ƙarƙashin Kyaftin Nugent da Bajamushe Hermann Detzner, shi ya bi layin yana kafa turakun iyaka a 1912 zuwa 1913, aka sa hannu a Obokum ranar 12 ga Afrilu, 1913. Wannan layi ta tsakiyar Taraba ta yau ya ratsa. Ibi da Wukari da Takum da Jalingo suka faɗa wa Ingila, Gashaka da Mambila da ƙasar Kurmi suka faɗa wa Jamus.

Abin lura shi ne an riga an raba ƙasar tun ba a gan ta ba. A 1886 aka ja miƙaƙƙen layi a takarda daga Kogin Kuros zuwa kusa da Yola. A 1893 aka ƙara ja har Chadi, aka kewaye birnin Yola da baka aka bar wa Ingila, mafi yawan ƙasar Lamiɗo Zubairu kuwa ta tafi Jamus. A 1914, lokacin da Nugent ya gabatar da rahotonsa a gaban ƙungiyar masana labarin ƙasa a Landan, Claude MacDonald, wanda ya hau Binuwai a 1889, ya tashi ya ba da labari da bakinsa cewa da shuɗin fensir da rula aka yi aikin, kuma ran da yake zaune a gaban Lamiɗo ya gode wa Allah da mutumin bai san an ratsa ƙasarsa da layi ba. A wurin raha ya faɗi wannan. Ke nan masu awo da masu hoto sun zo ne su nemo wa layin da aka riga aka zana wurin zama a ƙasa.

Ƙafa uku, ido ɗaya

Na'urar awon kusurwa ta safiyo a kan ƙafa uku take tsayawa. Kyamarar wancan zamani ma haka. Sau da yawa mutum guda ne yake riƙe da su biyun, kuma a kan dutse guda yake kafa su. Tun 1886 ƙungiyar nan ta Landan ta ɗauki malami, John Thomson, don ya riƙa koya wa matafiya ɗaukar hoto kafin su fita, kamar yadda ake koya musu duba taurari da lissafin nisa.

Yadda awon yake shi ne, a auna ɗan gajeren layi a fili da sarƙa ko tef, daga bakinsa biyu a hango ƙololuwar wani dutse a ɗauki kusurwa, lissafi ya ba da nisan dutsen ba tare da an taka ba. Sai a hau wannan dutsen a hango na gaba. Haka za a yi ta sarƙafa kusurwa uku-uku har a ci ɗaruruwan mil. Saboda haka abin da safiyo yake nema kullum shi ne tudu, kuma in ya hau sai an sare itatuwan da suka tare masa gani. Wanda ya san ƙasar Mumuye da Chamba da Kona ya san kan dutse ba wurin banza ba ne a wajen mutanensa. Akwai wuraren ibadarsu, akwai kaburburan kakanni, akwai mafaka.

To daga nan ne aibin farko na hotunan ya samo asali. Hoto ne na mai hange daga sama. Daga can, gona da saura da kurmi duk sukan zama toka-toka iri ɗaya. Ba ka ganin kunya, ba ka ganin turbar rafi, ba ka ganin itacen ɗorawa da kowa a ƙauyen ya san na gidan wane ne. Abin da yake fitowa sarai shi ne kogi da tsauni da kwari, wato abubuwan da ake bukata a rubuta cikin yarjejeniya: iyaka ta bi wannan ruwa, ta hau wancan tudu. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Waɗannan hotuna hange ne zalla.

Ina mutanen suka shiga?

Wasu kan ce ai kyamarar da ce ba ta kama abin da yake motsi, shi ya sa ba a ganin mutane. Wannan uzuri ya yi aiki a zamanin farkon hoto. Amma zuwa 1904 busasshen faifan gilashi ya daɗe da yaɗuwa, Kodak ma ta fito tun 1888, ana iya ɗaukar mutum yana tafiya. Kuma littattafan nan cike suke da hotunan mutane a wasu shafukan, an tsayar da su a jere, an rubuta sunan ƙabila a ƙasa kamar yadda ake yi wa tsuntsu. Wato an raba abin biyu: ƙasa daban ba mutane, mutane daban ba ƙasa. Wannan rabon zaɓi ne na mai ɗauka da mai buga littafi.

Akwai kuma dalilai na zahiri da duk manomi zai gane. Da rani ake yawancin tafiyar awo, lokacin da rafuka suka janye, aka ƙone ciyawa. An riga an yi girbi, gona ta koma fili. Makiyayi ya gangara fadama da shanunsa. Gonar da aka bari ta huta shekara huɗu ko biyar, a idon baƙo daji ce, a idon mai ita kuwa ajiya ce. Ga shi kuma ayarin ba fatake ba ne da za a fito a tarye su. Sojoji ne da bindigogi, da ɗaruruwan 'yan dako masu bukatar hatsi, kuma ana iya kama ka a ɗora maka kaya. Mai hankali yana jin ƙahonsu zai kwashe iyalinsa ya shige dutse. Kuma tsoron ba na banza ba ne, don an gwabza faɗa sosai a lokacin awon Whitlock, musamman a tsaunukan Sonkwala a ƙarshen 1908, inda sojojin Ingila da na Jamus suka haɗa kai a kan mutanen wurin.

Dalili na ƙarshe shi ne mai ɗaci, kuma ya shafe mu. Filayen da ake gani fayau a gindin duwatsu, da yawansu harin bayi na ƙarni na 19 ne ya kore mutanensu zuwa sama. Garin nan namu ma daga sansanin yaƙi ya tashi. A ƙarshen 1892 Bafaranshe Louis Mizon ya taimaki Sarkin Muri Muhammadu Nya da igwa aka ci Kona, aka kwashi mutane, a 1893 kuma aka kafa Jalingo. Wanda ya ɗauki hoton fili a wannan yanki shekara goma bayan haka, tabon yaƙi ya ɗauka. Wanda ya ɗora shi yau ya ce "ba kowa a nan," ya taɓa wa maƙwabcinsa tsohon miki, ko ya sani ko bai sani ba.

Kuma kalmar "ba kowa" tana da farashi a doka. Dokar filaye ta Lugard ta 1902 ta ba gwamnati ikon ɗaukar ƙasar sarkin da aka ci da yaƙi, da kuma ƙasar da ba a samu mai zama a kanta ba. Dokar 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna. Daga ita aka gaji ta 1962, sannan ta 1978 da muke ƙarƙashinta yau. Hoton fili fayau shi ne shaidar da irin wannan doka take so.

Ba a nan aka fara ba

Amurka ta riga mu ganin wannan wasa. Bayan yaƙin basasarsu, gwamnati ta tura ayarin masu awo zuwa yammacin ƙasar, kowane da mai hotonsa. Timothy O'Sullivan ya bi ayarin Clarence King tun 1867. William Henry Jackson ya bi na Hayden zuwa Yellowstone a 1871, shekara ta zagayo aka mai da wurin gandun daji na ƙasa, aka riƙa ba da labarinsa kamar ba a taɓa zama a cikinsa ba, alhali 'yan asalin ƙasar sun shekara dubbai suna farauta a ciki. A 1874 Custer ya shiga tsaunukan Black Hills da sojoji da mai hoto, aka ba da labarin zinariya. Yarjejeniyar 1868 ta tabbatar wa mutanen Lakota wurin, amma zuwa 1877 an ƙwace. Har yau ana rataye hotunan nan a gidajen tarihi don kyansu, kuma suna da kyan. Sai dai kyan bai hana su zama takardar gayyata ga masu zuwa mamaye ƙasa ba.

Ko sunaye ma haka aka yi musu a nan. Tsauni mafi tsawo a Shebshi, wanda mutanensa suke kira Dimlang, a taswira ya koma Vogel, sunan Bajamushen da ya zo Binuwai a 1855. Tsaunukan da ke arewa da Ibi aka laƙaba musu Murchison, sunan wani shugaban ƙungiyar nan ta Landan. Wanda ya raɗa wa abu suna yana nuna cewa shi ya tsinto shi.

Mu fa, ina muke a ciki?

Mai cewa a nuna masa Bahaushe a hoton, sai a ce masa ya duba gefe. Ɗan ƙaramin mutumin nan da aka tsayar a gindin dutse don a gane girman dutsen, da jerin masu kaya a ka da suke ratsa rafi, da soja mai jar dara, da tafinta da ke tsaye bayan Bature, sau da yawa mutanenmu ne. Hausa ce harshen sojan, ita ce harshen dako da ciniki a duk hanyar. Amma da wuya ka ga sunan ɗayansu a ƙasan hoto. An sa su ne a matsayin ma'auni, kamar sandar safiyo.

Kuma hanyoyin da Turawan suka ce sun gano, fatake ne suka nuna musu. Eduard Flegel, Bajamushen da ya kai mafarin Binuwai a 1882, madugai biyu ne suka yi masa jagora: Madugu Mai Gashin Baki da Madugu Ɗan Tambari. Har Balin ya tafi da su a 1884. Mutanen nan sun san Wukari da Bakundi da Gashaka da Banyo kamar tafin hannunsu tun Flegel bai san akwai su ba. Taswirar tana kansu, shi ya zuba ta a takarda, sunansa ya hau.

Wannan ya ishe mu amsa ga mai cewa jiya muka zo. Amma kada mu ɗauki rabin gaskiya mu bar rabi. Fataken da suka kawo gishiri da tufa su ne kuma suka fitar da hauren giwa da bayi. Sojan da ya riƙe bindiga lokacin da ake sare kurmin wani a kan dutse, da Hausa aka ba shi umarni. Ba mu muka ja layin ba, amma mun ɗauki sarƙar awon a ka. Jikokin waɗanda suka leƙo daga kogo suna kallon ayarin, su ne muke haɗuwa da su a kasuwa kullum, kuma labarin da kakanninsu suka bar musu dabam ne da namu. Wanda yake so a saurari nasa, sai ya iya sauraron na wani.

Abin da za a yaba

Ba a ce a zubar da hotunan ba. Akwai gwaninta a cikinsu. Ka yi tunanin ɗauko faifan gilashi a kan mutum daga Lakwaja, cikin ƙurar hunturu da zafin bazara, a wanke shi da ruwan kogi a cikin tanti, ya kai Landan bai fashe ba. Wasu hotunan Binuwai da safe, da kwale-kwale da yashi da hazo, ko mai ɗaukar hoto na yau zai sara musu.

Suna kuma da amfani in an yi musu tambayar da za su iya amsawa. Suna nuna yadda itatuwa suke a bakin kogi kafin gatari da injin yanka katako. Duk wanda ya ga abin da aka yi wa madrid a dazukan jihar nan cikin 'yan shekarun baya zai kalle su da hawaye. Suna nuna ginin ganuwa da rumbu da jinka, da irin jiragen da ake tuƙawa. A kan waɗannan shaidarsu karɓaɓɓiya ce. A kan waye mai ƙasa kuwa, ba su da bakin magana, don ba su tambayi kowa ba.

Kada kuma a ɗauka mai awo ba ya ƙarya. Detzner ɗin nan da ya kafa turaku tare da Nugent, daga baya an tura shi Niyu Gini, ya dawo ya rubuta littafi kan abubuwan da ya ce ya gano a can, aka ba shi lambobin yabo. A 1932 ya fito ya amsa cewa da yawan labarin ƙagawa ya yi. Shi kansa layin da aka sha wahalar kafawa, shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi yaƙi ya ɓarke. Aka kori Jamus, aka ja sabon layi da Faransa a 1919, aka yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961, Gashaka da Mambila suka dawo Najeriya cikin Lardin Sardauna. Turakun da ke ɓangarenmu suka zama duwatsu a cikin daji. Amma takardar ba ta mutu ba: a hukuncin 10 ga Oktoba, 2002, Kotun Duniya ta dogara da yarjejeniyoyin 1913 wajen yanke iyaka daga turke na 64 zuwa kudu, har Bakassi.

Darasin yau

Yanzu ba a hawa dutse. Tauraron ɗan adam da jirgi maras matuƙi ne suke ɗaukar hoto, ofishin filaye ya zana fuloti a kwamfuta. Idon dai shi ne na jiya, daga sama yake kallo. Ba ya ganin filin idi sai ran salla. Ba ya ganin burtali in shanu ba sa wucewa. Tsohuwar maƙabarta da ciyawa ta rufe, fili ce kawai a wajensa. Gidan da aka gada tun kaka da kakanni ba takarda, a taswira bai da mai shi.

Saboda haka shawara biyu ce. Ta farko, masu unguwa da limamai da ƙungiyoyin matasa su tashi a rubuta abin da ke ƙasa tun dattawan da suka sani suna raye: iyakar maƙabarta, filin makaranta, hanyar ruwa, wanda ya ba kakanninmu wurin zama da sharaɗin da aka yi. A yi shi tare da maƙwabta, a gaban shaidu na kowane ɓangare, sannan a bi a yi rajista. Wanda yake da gida ba takarda ya nemi takarda, tsadarta ba ta kai ta shari'a ba.

Ta biyu, duk ran da aka turo maka tsohon hoto, kafin ka tura gaba ka tambaya: daga wane littafi, wace shekara, wa ya ɗauka, me ya kawo shi. In ba amsa, ka kalla ka more, amma kada ka ɗora masa magana. Baƙo ko da idonsa makaho ne, in ji masu iya magana, kuma waɗannan hotuna idon baƙo ne da ya kwana biyu ya wuce. Mu da muke zaune, da mu da Kona da Mumuye da Fulani da sauran maƙwabta, mun fi shi sanin abin da ke gindin dutsen. Allah ya zaunar da mu lafiya.